Takardar da Kawu Ya Rubuta da Hagu

Shekarar da na fara koyarwa a Birnin Kebbi, duk Asabar nakan hau mota zuwa Argungu wurin kawuna. Tsohon soja ne, ɗan badujala, kuma ya iya jita sosai kafin shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannun dama. Jitar tana rataye a bango har na roƙe shi ya koya mini.

Bai taɓa kaɗa mini komai ba, da baki ya koyar da ni. Ya sa na yanko 'yar roba daga tsohuwar jarka don kaɗa tsirkiya, ya nuna mini yadda ake karanta ɗigo-ɗigon nan na rubutun kiɗa da ke zaune kan layuka biyar.

"Bar duban yatsunka, ɗana," yakan ce. "Dubi takarda. Ƙasa, sama, ƙasa, sama. In ka yi kure wuce, kada ka tsaya."

Wata bakwai muna haka, har kan yatsuna suka yi kanta.

Wata Asabar da hantsi ya miƙo mini takardar da ya rubuta da hagu, layukan duk a karkace. Ban san waƙar ba. Na bi ta a hankali, ɗigo bayan ɗigo. Inna, matarsa, tana gyaran albasa a tsakar gida. Sai na ji wuƙa ta faɗi. Ta tashi ta shige ɗaki.

"Kawu, waƙar wa ce wannan?"

Ya daɗe yana kallon ƙofar gida. "Ɗan'uwanka ka yin ta da fito, in ya dawo daga fadama."

Ɗansu ke nan tilo, wanda ruwan kogin Rima ya tafi da shi wata damina, ba a ga gawarsa ba. A tsakiyar layi na huɗu rubutun ya yanke.

"Ina sauran?"

"Nan nika mantawa. Sake daga farko."

Sau uku na sake, idonsa a rufe. Bai gyara mini ko ɗigo ɗaya ba.

Kawu ya rasu bayan girbin shinkafa. Inna ta ba ni jitar, ta ce don Allah kada in ƙara kaɗa waccan waƙa a gidanta. A ɗakina nake kaɗa ta yanzu, jefi-jefi. Duk sanda na kai inda ta yanke, sai hannuna ya tsaya a sama, in kasa kunne wajen ƙofa ko zan ji fito.