Anguryar da Inna Ta Wanke

A shekarar da Nasara suka fara raba mana irin auduga a Matameye, ni ne mai gida, mahaifina ya rasu. Mai gari ya ba kowane gida rabin buhu tun bazara, ya ce kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, zai aiko a duba gonaki bayan shuka. Wanda gonarsa ba ta tsira ba, aikin hanya zai tafi, a tsakiyar damina. In na tafi, babu mai nome mana gero.

Anguryar ta zo da wani farin gari a jikinta, mai wari. Aka ce magani ne na ƙwari, kada a ba dabba, kada a ci abinci sai an wanke hannu.

Na rataye buhun a zaure. Inna, mahaifiyata, ta tsaya tana kallonsa.

"Kai, abin da ake wanke hannu dominsa, shi za ka zuba a ƙasar da muke ci?"

"Inna, haka aka ce."

"Aka ce! Wanda ya ce, ya taɓa riƙe mazari?"

Ranar da na tafi kasuwar Tsauni, Inna ta sauke buhun, ta ɗebi rabi. Ta wanke shi kamar yadda take wanke hatsi, ta shanya, ta zuba a tulu da toka, ta liƙe bakin da yumɓu. Haka take adana irinmu tun ina yaro, bai taɓa lalacewa ba. Amma namu ba ya ganin ruwa kafin ya shiga tulu. Gashin angurya yana riƙe laima ko da ta bushe a ido.

Da ruwa ya sauka muka fasa yumɓun. Fumfuna ta cinye ta, ta yi baƙi. Na shuka wadda ta rage a buhu a gabashin gona, ta tsira. Yamma ta zauna fili.

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar da take tara angurya in ta gurza audugar kaɗinta. Da ita muka cike yamma, tana biye da ni tana rufe ramuka da ƙafa.

Mai dubawa ya zo ya ga kore daga gefe zuwa gefe, ya wuce. Na nome gerona.

Har yau ban san ko farin garin maganin nan yana cutar da ƙasa ba. Inna ta rasu tana cewa yana yi.