Kiran da Hasan Ya Kasa Amsawa

A wani ƙauyen Kurdawa na arewacin Siriya aka haifi Hasan, a gindin wani dutse mai yawan koguna. Ƙananan ƙauyuka ne kewaye da dutsen, kowa ya san akuyar kowa. Da kiwo ya tashi, babu kogon da bai fake wa ruwan sama a ciki ba. Da yaƙi ya yi zafi a 2012 ya gudo Alƙahira, ya samu aikin ɗinkin littattafai a unguwar Darrasa, ya kama ɗaki tare da Badamasi, wani ɗalibi ɗan Gusau.

Mahaifiyarsa ta ƙi tasowa, ƙanensa ya zauna da ita. Duk Juma'a takan dogara sanda ta hau dutsen ta kira shi, don can kaɗai waya ke kamawa.

Cikin 2014 kira ya ɗauke. Aka ce 'yan bindiga sun shiga ƙauyukan, mutane sun watsu cikin dutse. Hasan ya rame. Allura kan soke shi bai sani ba, sai ya ga jini a takarda.

Wata rana bayan azahar, yana shago da Badamasi, waya ta yi ƙara. Lambar mahaifiyarsa ce. Ya ɗauka, sai ya ji muryar namiji da Larabci, a natse.

"Kai ne ɗanta? Tsohuwa ta yar da wayarta a hanya. Faɗa mana kogon da suke, mu kai musu ruwa."

Hasan ya yi zargin ɗan bindiga ne. Ya san kogon sarai, sunan har ya zo masa kan harshe. Ya tura wa Badamasi wayar, ya raɗa masa, "Ya akhi, ɗan'uwana, karɓi. Kada ka bari in yi magana."

Badamasi ya kara ta a kunne, ya kama Hausa: "Wa ke magana? Malam, ba na jin ka. Nan Gusau ne!"

Mutumin ya daka tsawa, ya yi zagi, ya kashe.

Hasan ya zube kan tarin littattafai. "In da gaske ruwan zai kai musu fa?"



Sai da sanyi ya shigo mahaifiyar ta kira da wayar aro, daga wani sansanin 'yan gudun hijira a Turkiyya. Tana da rai, ƙafafu a kumbure. Ƙanen Hasan kuwa, tun suna ɓoye a kogon, ya sauka neman ruwa, bai dawo ba.

Hasan bai taɓa gaya mata zancen kiran ba. Har Badamasi ya gama karatu ya koma gida, ba su sake tayar da maganar ba.