Ranar da Inna Ta Tsallake Ni

Ina da shekara arba'in da uku na fara riƙe fensir. Makarantar yaƙi da jahilci ce ta matan aure a Damba, nan cikin Gusau. Muna shiga bayan la'asar idan 'yan firamare sun tashi, mu zauna kan bencinsu gwiwoyinmu na dukan tebur. Mu ashirin da bakwai ne. Ba a yi wata uku ba aka naɗa ni shugabar aji, saboda ba na tauna magana. Ko malama ce ta makara, ni ke gaya mata ta makara.

Abu na biyu da aka san ni da shi, kunnen waƙa. Duk wadda za ta kai waya a zuba mata waƙoƙi sai ta fara tambayata. In ce ta nemi wani mai gurmi na wajen Bungudu da ya yi wa rijiyar garinsu waƙa, har ka ji kamar kai ka haƙa ta. In ce ta nemi wani yaro na situdiyo, muryarsa ba daɗi, amma ba ya jefa kalma don cike gurbi. Wanda kuwa zai yi ta nanata "masoyiya" sau arba'in a kan fiyano, sai in ce a kunna wa awaki.

Ba wadda ta taɓa tambayata inda na samo kunnen, kuma da an tambaya ƙarya zan yi. Uwata zabiya ce a Kwatarkwashi, mai kiɗan ƙwarya a gidajen biki da suna. A gindin ƙwaryarta na girma. Satina biyu a gidan miji na leƙa ɗakin ƙanwar maigidana na ce ta sam mini gishiri, sai ta juya ta ce wa matan tsakar gida, "Kun ji ko? Roƙo a nono ake shan shi." Suka yi dariya har da tafawa. Da muka bar babban gida muka koma Damba, inda ba wanda ya san asalina, duk mai tambaya sai in ce tsohuwata daddawa take yi. Tana yi ɗin, da rani.

Da muka cika shekara biyu aka sa ranar ba mu takardar shaida. Malama ta ce taron mata ne zalla, mu zaɓi mai waƙar da za a kira, amma a samo mai magana, kada a kawo mana hayaniya. Aji ya kaure. Can sai ƙawata ta buga tebur. 'Yar Tsafe ce, mai sayar da awara, benci ɗaya muke zama tun ranar farko.

"Ku saurara ku ji," in ji ta. "Akwai wata tsohuwa ta Kwatarkwashi, na gan ta wurin wani suna a garinmu. Wallahi wagga tsohuwa da baiti biyu ta sa gida guda kuka." Ta gyara murya ta rera:

"Kullum ina tuƙa tuwo da rabonka,
kajin gida sun yi ƙiba, ni na rame."

Wata da mijinta ya yi shekaru a Kudu ta sa gefen hijabi ta goge ido. Ni kuwa na san waƙar tun kafin ta zama waƙa. Babanmu Inna ta yi wa ita, shekarun da ya tafi ci-rani ya yi shiru, kuma ni ce ke zuba wa kajin tuwon da safe.

Duk suka juyo gare ni, tunda ni ce alƙaliyar waƙa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke dai raba ni da zabiyoyin ƙauye. Maganarsu guda ce, ba ni, ba ni. Ko kare ya miƙa musu abu sai su ce zaki ne."

"Shugaba, wagga ba irinsu ba ce," in ji ƙawata. "Halan baƙin ciki kike don ba ke kinka gano ta ba?"

Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, tsohuwar ta ci. Malama ta dube ni ta ce, "Ai ke 'yar Kwatarkwashi ce. Kin san ta?"

"Ina dai jin labarinta."

"To ke za ki je ki gayyato mana ita."

Ranar Asabar na shiga mota. Na tarar da Inna a rumfar tsakar gida tana tsince kalwa a faifai. Ni ce 'yar farinta, kuma Inna irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tunda ta haife ni ba ta taɓa furta sunana ba. Ina ƙarama "yarinyar nan" nake, da na yi aure na koma "ta Gusau". Ko maƙwabciya mai irin sunana, "mai sunan yarinya" take ce mata. Ba ta dubana ido cikin ido, kuma idan za ta yi mini magana sai ta bi ta kan wanda ke kusa. In ba kowa, faifai take yi wa.

Na isar da saƙo. Sannan na yi ta kewaye-kewaye, ni da ba na kewaye, har na ce, "Inna, idan kin zo, ki yi mini kamar kowa. Kamar yadda za ki yi wa sauran."

Ta ci gaba da tsinta. "Ba su san ta Gusau da uwa ba ke nan," ta ce wa faifai.

"Na ce musu kina daddawa."

"Ai ina yi."

Ta hure ƙaiƙayi, ta ce, "To."

Na dawo gida ina ganin na yi dabara. A lissafina, bakin waƙa daban ne da bakin gida. Matar da na sha gani tana kiran sunan hakimi gatsal a gaban jama'a, me zai hana ta kiran nawa sau ɗaya tak, a cikin mata ashirin da bakwai?

Ranar taro aka kafa rumfa a filin makaranta, muka yi anko shuɗi. Manyan baƙi daga ofis suka makara, sai malama ta ce a fara kiɗa. Inna ta zo da 'yan amshinta uku, duk tsofaffi, sun goya ni ina jaririya. Ta riga ta ja musu kunne, don ko kallona ba su yi ba. Suka kife ƙore, ɗaya a cikin bahon ruwa. Babbar 'yar amshi ta bi mu layi-layi tana karɓar sunan kowace da na ubanta da garinsu, ta koma ta raɗa wa Inna. Sau ɗaya aka faɗa wa Inna ta riƙe duka, ba takarda ba komai. Mu da muka kwashe shekara biyu muna fama da baƙi da wasali muka saki baki.

Ta buɗe da amshin da ta shirya mana:

"Maiwa, ba ki makara ba,
gero ne ya yi gaggawa."

Wuri ya ɗauki guɗa. Matan da aka yi wa dariya a unguwa, ana ce musu goɗai-goɗai da jakar makaranta, suka miƙe tsaye.

Sai ta fara bin layi. Ta kira suna, ta kira uba da gari, ta ɗora wa mace maganar da ta dace da ita, ita kuma ta fito ta taka, a yi mata guɗa, ta koma. Ƙawata ta Tsafe ta sami nata, aka ce mai awarar da ƙamshinta ke hana liman dogon wa'azi. Ta yi juyi har ɗankwali ya faɗi. Ni ce ke binta.

Ƙwarya na tafiya. 'Yan amshi suka yi amshi, suka jira. Inna ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Suka sake amshi. Na ga ta ja numfashi kamar mai shirin ɗaga dutsen niƙa. Suka yi na uku. Sai ta sunkuyar da kai ta kira sunan matar da ke hagu da ni.

"A'a, a'a!" Ƙawata ta ɗaga hannu. "Inna, kin tsallake mana shugabar aji!"

Kiɗa ya tsaya. Inna ta ce, "Tsufa ne, ɗiyata. Ya shige mini."

"To ga shi," in ji ƙawata, ta faɗi sunana da ƙarfi. Wasu suka taya ta, suna maimaitawa kamar ana biya wa ɗan aji ɗaya karatu. "Faɗi, Inna! Mi ne ne wuya ciki?"

Inna ta ja mayafi ta rufe bakinta. Idonta na kan ruwan baho.

A kujerun gaba akwai wata dattijuwa, uwar ɗaya daga cikinmu, da ta zo kallo daga Ruwan Bore. Ta dubi Inna, ta dube ni, ta fashe da dariya. "Ku bar baiwar Allah ta huta. Ku yaran yanzu ba ku san komai ba. Zabiya ba ta tsallake kowa a taro sai wanda ta haifa da fari. Ku dubi goshinsu mana!"

Da farko guɗa aka yi. Mata suka zaci shiri ne muka yi don mu ba su mamaki. Malama har ta fara tafi. Ƙawata ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tsaya da ɗankwali a hannu tana kallona, kuma ita ma irina ce, ba ta iya rage murya ba.

"Uwarki ce? Ba ke kinka ce labarinta kawai kike ji ba? Ba ke kinka ce maganarsu guda ce, ba ni, ba ni, ko kare ya miƙa musu abu sai su ce zaki ne?"

Kowa ya ji. Inna ta ji. Ɓoyon da na yi ta san da shi, har ta yarda ta taya ni, amma wannan maganar ba ta san da ita ba. Ban ga fuskarta ba saboda mayafi, sai dai na ga sandar kiɗan da ke hannunta ta sauka a hankali ta kwanta kan tabarma.

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, a aji ko a kasuwa, da ƙyar na miƙe na ce, "Uwata ce."

Dattijuwar ta ce, "Ai mun riga ki."

Inna ta ɗauki sandarta ta buga ƙwarya. Ta ci gaba daga matar da ke hagu da ni har ƙarshen layi, ba ta manta uban kowa ba, ba ta rage wa kowa komai ba. Muryarta ba ta yi rawa ba. Ina zaune ina ji, kowace mace ta fita ta dawo, ba mai duban inda nake.

Baƙin ofis suka iso, aka yi jawabi, aka raba takardu. Ban san yadda na je na karɓo tawa ba. Ina juyowa na hango su Inna sun ɗaure ƙore a zane sun nufi bakin titi. Na bi su da sauri, takarda a hannu. Na kai hannu zan karɓi ƙunshin da ke kan Inna, ta ɗan kauce, ta gyara shi da kanta.

"Inna," na ce. "Inna, ki yafe mini."

Ta dubi babbar 'yar amshinta. "Gaya wa ta Gusau ta koma wurin mutanenta, kada a ce ta gudu."

"Ta ji," in ji tsohuwar, ba ta ko waiwayo ni ba.

Mota ta tsaya, kwandasta na kiran Kwatarkwashi, Tsafe. Aka ɗora ƙore a baya. Inna ta sa ƙafa ɗaya ciki, sai ta dakata, ta saci kallon takardar da ke hannuna, wadda ba za ta iya karanta ko harafi ɗaya a cikinta ba.

"Ce mata ta sa abin nan a leda," ta ce wa 'yar amshin. "Gumin hannu na ɓata shi."

Na koma rumfa. Ƙawata ta ɗauke jakarta daga kujerar da ke kusa da ita don in zauna, amma ta fi wata guda ba ta kira ni Shugaba ba. Ban iya zuwa Kwatarkwashi ba sai da aka yanke gero. Da na je aka shimfiɗa mini tabarma, aka dama mini fura, Inna ta tambayi lafiyar yara ta bakin ƙanwata. Maganar ranar nan ba mu yi ta ba, har yau.