Malam Waye da Famfon Ɗakin Wanki

Guga goma sha biyu a kullum, kowace mace, daga famfon bakin ƙofa zuwa ɗakin wanki a saman bene, shekara shida cur. Bashin da mu tara masu wankin asibitin nan muke bin hukumarsa ke nan. Ni ce babbarsu. Ban yi boko ba, amma abin da aka ci nawa ba ya ɓace mini, ko allura ce. Ranar da bututunmu ya fashe aka ce mana sati biyu za a gyara. Jikata da aka haifa a satin, sai da ta shiga firamare muna nan muna jido.

Mutumin da ya tsayar da bashin nan ya daina hawa zai aje aiki ƙarshen wata, shi ya sa na ce sai na faɗi nasa tun yana ji da kunnensa.

Ƙarfe bakwai yake shigowa, masu shara ba su ma gama ba, da jakarsa mai yagaggen hannu. Ba ya fara zuwa ofis. Sai ya zaga duk inda ake wani aiki, ya taɓa siminti da yatsa, ya leƙa rami, ya tambayi birkila ina ya tsaya jiya. Ofishin nasa kuwa tsohon sito ne a ƙarƙashin matakala, tebur ɗaya, kujera biyu, ɗayar ma ƙafarta uku da bulo. Nan aka ce ya buɗe ofishin kula da ayyuka, bayan ya yi shekara ashirin da shida yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Waɗanda suka ba shi sun zaci sun jefar da shi ne.

Ya ƙirga ayyukan da aka fara aka bari, ya samu arba'in da ɗaya. Ya je ya zauna wa Shugaban asibiti a ƙofa har aka yarda a jingine talatin, a gama sauran tukuna. Ya ce taura biyu ma ba ta taunuwa, balle arba'in. Sannan ya kafa allo a bango, kowane aiki da katinsa: kore yana tafiya, rawaya yana ɗingishi, ja ya kwanta. A jikin kowane kati suna ɗaya da rana ɗaya. Duk takardun asibitin nan, allon nan ne kaɗai na iya karantawa.

Duk Litinin yana tara su taro a tsaye, babu kujera, babu shayi, wai in ƙafa ta gaji baki zai taƙaita. A nan ya samo sunansa. Injiniya ya ce, "An rubuta wa sito." Mai sito ya ce, "An ce a jira akanta." Akanta ya ce, "Ai za a duba." Sai ya aje alƙalami ya ce, "Don Allah wannan A ɗin, waye shi? Ɗan gidan wa ne? Shekara ashirin da shida ina jin an yi, za a yi, ana kai, ban taɓa ganin A ya zo karɓar albashi ba. Ku kawo mini shi in gaishe shi." Daga ranar ya zama Malam Waye. Har masu gadi, in ya wuce, sai su ce, "Malam, an kusa?" Ya ce, "Uwar A ce ta kusa."

To ana cikin haka labari ya zo cewa masu duba asibitoci za su zo nan da sati shida. In suka tarar da ɗakin wanki babu ruwa za su sa a rufe, a ba kamfani wankin. Mu tara, huɗu mazansu sun rasu, ɗaya nata yana kwance. Na ɗaura zanena na tafi taron Litinin ba tare da an kira ni ba. Mai sito ya ce, "Iya, kin ɓata hanya ne? Nan ba a wanki." Na ce, "Na sani, ɗan nan, da ana yi da rigarka ba ta kai haka ba."

Na faɗi abin da ya kawo ni. Malam Waye yana ta jujjuya takardu, kansa ya yi zafi, sai ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, za a duba."

Na ce, "Waye A?"

Sai ɗakin ya fashe da dariya, akanta har da riƙe ciki. Wani ne da ya sa an fitar da ni. Shi sai ya dafe kai ya ce, "Iya, kin kama ni da hannu a tukunya." Ya ɗauki sabon kati, ya rubuta sunansa da kansa, ya sa rana, ya ce, "Ga A ɗin nan, ni ne. In ranar ta wuce ki zo ki kama wuyan rigata."

Ya bi takardar bututun nan kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya. Daga injiniya zuwa sito, daga sito zuwa akanta, sai ga ta a teburin Shugaba, an ɗora mata kofin shayi, wata tara tana jiran sa hannu. Ya kai tuni sau uku, sau uku sakatare na cewa Shugaba yana taro. Ranar Litinin aka shigo aka ga jan kati a allo da sunan Shugaba ɓaro-ɓaro. Mai share ofishin sama ita ta ji yadda suka yi da Malam Waye. Shugaba ya ce, "Ni ka rataye a bango kamar ɓarawon kaza?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, allon bai san babba ba, inda takarda ta kwana kawai ya sani. Minti ɗaya ne ya koma kore, ga alƙalami." Shugaba ya sa hannu. Amma ƙarin girman da ake cewa Malam zai samu a shekarar bai zo ba, kuma bai sake zuwa ba. Wannan ma na riƙe shi a lissafi.

Duk da haka ranar da ya sa ta wuce da kwana huɗu, don injin tura ruwan da aka kawo bai yi daidai da bututu ba. Bai ce laifin mai kawo kaya ba ne. Ya mayar da katinsa ja da hannunsa, ya hau ya same mu ya ce, "Iya, ga wuyan rigar." Na ce ya bar shi, ni ba na karɓar jingina sai biya. Saura kwana uku masu dubawa su zo, muna cikin matse zannuwan gado, famfo ya yi tari, ya tofo jar ƙasa, sai ruwa. Ƙaramar cikinmu ta zauna a ƙasa tana kuka, guganta a hannu.

Kai ne, Malam Waye, ka nuna mana aiki ba ya tafiya sai yana da uba. Gatari mai saran "an kusa"! Kai ne ka rubuta sunanka inda kowa ke gudun nasa. Mu tara muna nan a bakin aikinmu shekara huɗu ke nan, yara na cin abinci. Gugunan shekara shida dai babu mai biyan mu, bayanmu ya riga ya tafi da su, kuma ban yafe wa A ba. Kai kuwa babu ko ɗigo a wuyanka. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka.

Ku kuma masu ofis, yara da manya, in bakinku ya buɗe zai ce "za a yi", ku cije, ku sa suna, ku sa rana. Shekaranjiya na ji ana cewa za a shirya wa Malam Waye walimar sallama. Na tambaya waye zai shirya, kowa ya kalli takalminsa. To ku rubuta a kati: Iya mai wanki, ranar Asabar bayan la'asar, a ɗakin wanki. Kowa ya zo da kujerarsa. Wannan taron a zaune za mu yi shi.