Arlo da Bindigar Giwa

Arlo Brekke ya daɗe yana tuƙa bas ɗin makaranta a wani ɗan ƙaramin gari a yammacin jihar Dakota ta Kudu a Amurka, har sai da ya ɗauki 'ya'yan waɗanda ya ɗauka da farko. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya gudu a titi, ba ya ɗaga murya. Abu ɗaya ke sa shi zumuɗi, shi ne ɗurin harsashi.

Kamar yawancin maharban yankin, in ya yi harbi ba ya zubar da kwanson harsashin. Sai ya tsince, ya kawo gareji ya wanke, ya auna albarushi a sikeli, ya ɗura, ya kafa sabuwar dalma da injin matsa, harsashi ya koma sabo. Da ya fara, cewa ya yi wa matarsa Wanda don tattali ne. Wanda ta yarda, don a lokacin amarya ce.

Kafin ya yi ritaya garejin ya cika har mota ta koma kwana a waje. Akwai injin wanke kwanso da in an kunna shi kofunan Wanda ke rawa a kan kanta. Akwai sikeli mai lantarki da ke canja magana duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Arlo ya yi da-na-sanin sayensu, amma ba kamar na mazubin nan ba.

Mazubi wasu ƙarafa ne da ake murɗawa a kan injin matsa don su daidaita kwanso, kuma kowace bindiga da irin nata. Wata Asabar ya je gwanjon kayan wani manomi da ya rasu, ya ga mazubi sabo ful a akwatinsa, babu mai tayawa. Ya ɗaga hannu, aka sallama masa. Sai a gida ya karanta jikin akwatin da kyau, ya ga na bindigar farautar giwa ne.

Delbert, ƙanin Wanda, wanda ba ya barin Arlo ya sha ruwa da tsokana, ya juya ƙarfen a hannu ya ce, “Yaya, ina bindigar?”

“Babu.”

“To giwar fa?”

“Kai dai ba ka san araha ba,” in ji Arlo.

Ya ajiye mazubin a kan kanta, amma abin ya tsaya masa a rai. Kaya mai kyau haka, a ce yana zaune ba aiki? Ya aika aka kawo masa kwansuna masu tsawon yatsa. Ya sayi dalma, ya sayi albarushin da ya dace, ya zauna ya ɗura su tsaf, ya jera suna ƙyalli. Daga nan kuma sai ya ga ai harsashi ba bindiga ɓarna ce. Ya shiga cigiya, har aka samo masa ita wajen wani likitan haƙori a jihar maƙwabta. Mutumin ya rabu da ita da fara'ar da ya kamata ta sa Arlo tunani.

Wanda ta dubi bindigar a kan teburin cin abinci ta ce, “Tsoho, wannan ma duk cikin tattalin ne?”

Ranar gwaji, Delbert ya gayyato rabin 'yan cocinsu zuwa bayan gonarsa. Aka kafa wata tsohuwar ganga da za a harba. Arlo ya gyara tsayuwa, ya saita, ya ja kunama. Ƙarar ta sa shanun Delbert suka watse, karnuka suka shige ƙarƙashin motoci. Hular Arlo ta yi gabas, tabarau ya yi yamma, shi kuma ya sami kansa zaune a ƙasa.

“Na same ta?” ya tambaya.

“Gangar lafiyarta lau,” in ji Delbert, yana share hawayen dariya. “Amma kai kam bindigar ta same ka.”

Kafaɗar ta kumbura ta yi baƙi ƙirin. Ya kwana biyu Wanda ce ke sa masa riga, tana gasa masa wurin da ruwan zafi. Haƙurin nata ya fi kumburin damunsa. Wata safiya tana ɓalla masa maɓalli ya ce, “Wanda, na yi wauta.” Ta ce, “Na sani. Ɗaga haɓarka.”

Da kaka ta yi, ya ɗauki bindigar da mazubin da komai ya kai kasuwar bindigogi da ake ci a filin baje koli. Can da hantsi wani direban babbar mota ya tsaya, ya ɗaga bindigar, ya shafa kotar, idonsa ya kasa barinta. Arlo ya gane wannan kallon.

“Me kake farauta, ɗan'uwa?”

“Barewa, ranka ya daɗe. Wani sa'in zomo.”

“Kana da iyali?”

“Mata da 'yan biyu.”

Arlo ya karɓe bindigar daga hannunsa a hankali. Ya ja wuyan rigarsa ya nuna masa inda har yanzu yake jin ciwo in sanyi ya sauka, ya ba shi labarin tun daga gwanjo. Mutumin ya ce duk da haka yana so. Arlo ya ce ba ta sayarwa ba ce, sannan ya ja shi rumfar abinci ya saya masa kofi da kek.

Da yamma Wanda ta hango shi yana sauke akwatin daga mota, ta fito bakin ƙofa.

“Ba mai so?”

“Akwai. Yaron kirki ne, shi ya sa.”

Ta daɗe tana dariya, sannan ta zuba masa farfesun barewa.

Bindigar ta koma cikin kabad, ba a sake harba ta ba. Arlo ya ci gaba da ɗura wa maƙwabta harsashin farautar barewa, har lokacin da ya lura idonsa ya fara ruɗa masa lambobin sikeli. A ranar ya rufe gwangwanin albarushi da kansa, ya ce ba zai yi wasa da ran mutane ba. Yanzu da hantsi yakan zauna a ƙofar garejin, duk wanda ya wuce ya ɗaga masa hannu, kuma kusan kowa ya taɓa zama a bayansa cikin bas.