Tajuddeen, Mai Karanta Littattafan da Ya Raina

Duk matar da ta taɓa jingina waya a gefen murhu a Kalgo tana tuƙa tuwo ta san muryar Tajuddeen, ko da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Shi ne yake karanta littattafan labari ana ɗaukar muryarsa, a tura wa mutane a memori a shagon Basharu da ke bakin hanyar jami'a. Mutumin Gwandu ne, ɗan gidan malamai, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka.

Mahaifinsa ya so ya zama mai jan baƙi a wurin tafsiri, domin Allah ya ba shi murya mai kauri da sanyi. Sai dai haƙurin hadda ya gagare shi. Ya koyar a firamaren Dalijan na wasu shekaru, ya gaji da ƙurar alli, ya nemi aikin gidan rediyo a Birnin Kebbi bai samu ba. Yana zaune haka Basharu, abokinsa tun suna yara, ya kira shi ya ce mata sun fi son a karanta musu littafi suna aiki da su zauna suna murza waya, shi kuma yana neman mai murya. Tajuddeen ya ce zai taɓa kafin wani abin kirki ya fito. Har yau abin kirkin bai fito ba.

Da sassafe yake hawa babur ya zo, kafin injin niƙan maƙwabta ya tashi. Ya shiga wani ɗan ɗaki a bayan shago da aka liƙa wa tsofaffin katifu a bango, ya zauna gaban makirufo, ya buɗe abin da marubuta suka turo. Daga nan yake fara tsaki, kuma Basharu ya saba yanke tsakin kafin ya fitar da karatu.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne littattafan aljanu. Ya kan ce wa matarsa Hussaina bai taɓa ganin halitta marar aikin yi irin yariman aljanun littafi ba: ga fada a ƙarƙashin teku, ga dakaru, ga ikon keta duniya kafin ƙiftawar ido, amma duk ya ajiye ya zo yana laɓe a bayan ɗakin wata mai tuyar awara. Kuma duk inda marubuciya ta rasa mafita, sai wani zobe ya faɗo, ko a tuna da wani boka a kan dutse wanda ba a taɓa ambata ba. Na ban tsoro kuwa ya ce jini kawai suke kwarara. Kai na farko da aka sare ya kan sa mutum ya gyara zama, amma in aka yi ta sarewa sai abin ya koma kamar ranar kasuwar mahauta. Ya rantse mafi yawan masu rubuta su ko kaza ba su taɓa riƙewa an yanka ba.

Sau ɗaya wani littafi ya kama shi. Wata yarinya daga wajen Yauri ta rubuta labarin wani masunci wanda matarsa ta nutse a kogi, kullum da safe sai ya tarar da sawun ƙafa jiƙaƙƙe daga bakin ƙofa zuwa gindin randa. Babu jini ko ɗigo, babu boka. Yana tsakiyar karatu ya ji ɗakin ya yi masa ƙunci, ya fito ya tsaya cikin rana. Da Basharu ya tsokane shi, iyakar abin da ya yarda ya faɗa shi ne yarinyar ta san ruwa, amma ba ta san inda ake sa aya ba.

Rigimarsa ta gaske da littattafan soyayyar mugunta ta taso. A cikinsu namiji attajiri ne kullum, ba ya dariya, yana da kamfanoni a ƙasashen waje waɗanda ba a taɓa ganin ya je ba, domin yini yake yi yana wulaƙanta mace ɗaya. Wata marubuciya mai suna Rumaisa ta turo irin wannan, dogo, kashi-kashi, kuma mata suka haukace a kansa. Mijin littafin, Lukuman, ya mari matarsa Hafsat, ya kulle ta, ya hana ta abinci, ita kuwa tana kwance tana tuna ƙamshin turarensa. Tajuddeen ya haɗiye duk wannan. Amma ranar da ya iso inda Lukuman ya karya mata hannu, ya dawo da yamma da ledar gasasshiyar kaza, zuciyarta kuma ta narke, sai ya kife wayar a cinyarsa ya ci gaba da magana da ka. Ya tashi Hafsat, ya sa ta yafa mayafi, ta buɗe ƙofa ta tafi gidan kawunta, aka je gaban alƙali aka raba auren. Ya rufe da nasiha mai kyau, ya fito yana jin ya yi aikin lada. Basharu bai saurara ba, ya tura.

Kafin mako ya zagayo wayar shago ta ƙi yin shiru. Ranar kasuwa sai ga wata dattijuwa daga Dangoma, Inna Larai mai ƙuli-ƙuli, ta sauka daga babur ta ce a nuna mata mai karatun. Tajuddeen ya fito ya rusuna, yana tsammanin godiya.

"Ɗana, wa yac ce maka ba mu san azzalumi ba ne?" in ji ta. "Mun sani sarai. Jira mukai mu ga ranar da zai durƙusa yana kuka. Kai kuma ka hidda yarinya, ka bar shi tsaye da hulatai."

Ya fara yi mata bayanin tarbiyya da abin da 'yan mata ke koya. Ta ce tarbiyya tana da inda take zuwa ɗaukarta, a mayar mata da labarinta yadda yake. Ta ajiye masa ƙullin ƙuli-ƙuli saboda muryar, ta hau babur.

Rumaisa ma ta kira, ta wanke Basharu tas, ta ce littafinta na gaba wani mai karatu a Sakkwato za ta ba. Dole Tajuddeen ya koma ya karanta na gaskiya. Ya yi niyyar yi da muryar gawa don kowa ya gundura, amma da ya zauna gaban makirufo ya kasa ɓata muryarsa, ya karanta narkewar zuciyar Hafsat har Basharu ya ce bai taɓa yin karatu mai daɗin wannan ba. Durƙuson da Inna Larai take jira ya zo a kashi na ƙarshe, bai cika rabin shafi ba, kuma Hafsat ce ta ƙare da ba da haƙuri. Tajuddeen ya tafi gida yana cewa wata da watanni na mari aka biya da hawaye biyu, mata kuma suka ce sun gamsu.

Daga nan ya ɗaura niyyar nuna musu yadda ake littafi. Ya rubuta nasa, labarin wani malamin makaranta mai gaskiya a Gwandu, da Hausa tsaf, babu aljani, babu mari, kowane babi da darasinsa. Basharu ya riƙa saka shi kyauta a kowane memori. Ba a jima ba mata suka fara aiko da saƙon a goge musu shi, yana cinye wuri. Hussaina ta saurari kashi na farko tana tsintar shinkafa, ya zauna yana kallon fuskarta.

"Malam, Hausar ta yi kyau," ta ce. "Amma yaushe wani abu zai faru?"

Ya yanke hukuncin cewa kunnen jama'a ne ya lalace, kuma har yanzu a kan haka yake. A Gwandu in 'yan'uwa suka tambaye shi sana'a, sai ya ce yana harkar sauti.

Yanzu wani sabo yake karantawa, wanda jarumin cikinsa aljani ne, attajiri ne, kuma yana shan jinin mutane, marubuciyar ta haɗa masa duka. Ya ce shi ne mafi shirme da ya taɓa shiga bakinsa. Kashi na gaba ya yi jinkirin zuwa, marubuciyar ta bar yarinyar littafin rataye a bakin rijiya da igiya tana tsinkewa. Jiya bayan la'asar Tajuddeen ya kira Basharu ya tambaya ko an turo. Basharu ya ce tukuna, ya kuma tambaye shi gaggawar me yake yi, tunda sai jibi za a ɗauka.

Tajuddeen ya ce so yake kawai ya ga ta inda za ta ɓata shi.