Duman Kadan da Baffa Ya Bari

Ni ne wawan wannan labari, kuma ba na neman mai taya ni faɗin haka, don har yanzu raina a ɓace yake.

Jiya a hanyar Kalgo na ga duman kada ya yi fure a bakin kwalbati, sai Baffa, ƙanen mahaifina, ya faɗo mini a rai. Shi ya dasa wannan ciyawa a gaɓar garkarmu ta Malisa, ta ɓangaren kwazazzabo. Ina ganinsa da hantsi, ƙasa na ƙamshin ruwa, goro a kunci, yana danne jijiyoyin da diddige. Na ce, “Baffa, abin da ko akuya ta ƙi shi kake wa hidima?” Ya ce, “Bar shi, aikinai shika yi.”

Da ya rasu, ni mai ilimin aji huɗu na tumɓuke duman kadan tas, na ƙone, don in ƙara kunya biyu ta tattasai. Ruwan Agusta ya zo ya kwashe kunyoyin, ya haɗa da rabin garkar da muke ci daga gare ta.

Na tafi wurin Inna, matarsa, ina huci. Na ce, “Allah ya jiƙan Baffa, ya sanyaya makwancinsa, amma ya cuce ni. Mutum ya mutu bai bar ko wasiyya ba a kan gaɓar nan?”

Ba ta ko ɗago daga tsintar wakenta ba.

Ta ce, “Ai wasiyyar ce ka cinna wa wuta.”